Daga Damagaram Zuwa Maraɗi da Motar da Ke Shan Ruwa

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, Kawu ya nemi in raka shi Maraɗi ɗaurin auren 'yar wani amininsa da suka yi fataucin gyaɗa tare tun suna samari. Tafiyar ba mai nisa ba ce, domin tsakanin Damagaram da Maraɗi bai cika kilomita 240 ba, kuma kwalta ce tun daga farko har ƙarshe, wato babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta miƙe har Diffa. Niyyarmu ita ce mu kama hanya ranar Alhamis bayan sallar asuba, amma ɗaure kayan gudummawa da sallama da iyali suka riƙe mu har hantsi ya ɗaga.

Motar Kawu tsohuwar Corolla ce, irin waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan sun gama aikinsu na farko a can. Direbansa saurayi ne mai natsuwa, kuma ya daɗe tare da shi. Kafin mu shiga sai ya ɗaga bonet, ya kwance marfin lagireto, ya ɗauko jarka daga but, ya tsiyaya ruwa har ya kawo baki, abin da zai kai lita guda. Ruwan na 'yan ga-ruwa ne, wanda muke sha a gida. Kawu ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da ya sa nake son yaron nan, ba ya taɓa tayar da mota bai ba ta ruwa ba." Haka kusan kowa ya ɗauka a garinmu, cewa direban da ke ƙara ruwa kowace safiya shi ne mai kula da dukiyar ubangidansa.

Mun sha mai a bakin gari a kan sefa 499 kowace lita, farashin da aka tsayar tun ragin da gwamnati ta yi a 2024. Muka biya kuɗin hanya a shingen fita, jandarmomi suka duba katin ɗan ƙasa na kowa da takardun mota da na inshora, suka sallame mu. Ba mu tsaya Tirmini ba. A Takeita, inda wata hanya ke ɓallewa ta yi kudu zuwa Matamaye da iyakar Najeriya, ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka leƙa but, suka ga turamen atamfa da kwanukan amarya, suka yi mana fatan alheri. A Tasawa muka yi sallar azahar, muka sha fura da nono, muka ci tsire na jika guda, wato sefa dubu, kuma a nan ne direba ya fara cewa allurar zafi ta ɗan haura tsakiya, amma ya danganta abin da rana.

Rana kam ta isa a zarge ta. A wannan yanki zafin Afrilu yana wuce digiri 40 kusan kullum, kuma iskar da ke shigowa ta taga ba ta da wani sanyi da za ta ba mutum, balle ƙarfe. Saboda shekarun Kawu muka rufe gilasai muka kunna na'urar sanyi. Mun wuce Gazawa kaɗan, sai na ji wani wari mai kama da na tsatsa da ƙonanniyar roba, direba kuma ya yi salati, domin allura ta shiga ja. Ya gangara gefen hanya ƙarƙashin wani babban gawo, ya kashe inji. Gawo itace ne mai albarka ga matafiyin rani, tunda shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. A inuwarsa muka tarar da wata babbar mota maƙare da buhuna, direbanta dattijo yana kishingiɗe a kan tabarma yana jiran rana ta yi sanyi.

Da aka ɗaga bonet, tururi na fita ta gefen marfin lagireto, ana jin ruwa na tafasa a cikin inji. Direbanmu ya naɗe tsumma a hannu ya nufi marfin. Dattijon nan ya miƙe da saurin da ban zaci yana da shi ba, ya daka tsawa ya ce, "Kai yaro, ajiye tsumman nan!" Sa'an nan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana wani tabon ƙuna da ya taso daga wuyan hannu har gwiwar hannu, fatar ta yi sumul babu gashi. Ya ce yana ƙaramin yaron mota ya samu wannan, kuma tun daga ranar bai ƙara barin wani ya taɓa marfin lagireto mai zafi a gabansa ba.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, saboda haka dalilin maganarsa ba baƙo ba ne a wurina, sai dai ban taɓa ganin shedarsa a jikin mutum ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Marfin lagireto kuwa ba murfin kare ƙura ba ne kawai. A cikinsa akwai sifirin da roba da ke riƙe matsi, kuma lambar da ke rubuce a kansa, 0.9 ko 1.1, ita ce gwargwadon matsin da zai riƙe. A ƙarƙashin wannan matsi ruwa yana iya kai wa kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an kwance marfin matsin zai tafi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 zai zama tururi nan take, ya yi tsalle ya fito da ƙarfi a kan fuska da hannun wanda ya buɗe. Da direba ya ce to bari ya watsa wa injin ruwan jarka ya huce, dattijon ya sake hana shi, ya ce kan injin irin waɗannan motoci alminiyam ne, idan ruwan sanyi ya sauka a kansa yana cikin wannan zafi zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ya ce, "Alhaji, ku zo ku zauna a tabarma, maganinta yanzu haƙuri ne."

Muka zauna fiye da rabin sa'a, yana ba mu labarin hanyar Agadas. Da lokaci ya yi, ya fara matsa tiyon sama da hannu, ya ji ya yi laushi, sa'an nan ya murɗa marfin rabi, ya dakata har hucin da ya rage ya fice, kana ya cire shi. Ruwan da ya saura a ciki ja ne, launin tsatsa. Bai yi gaggawar cikawa ba. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba, ya buɗe marfin man ya leƙa ƙarƙashinsa, yana neman ko man ya yi fari-fari da kumfa, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Wani yaro daga ƙauyen da ke kusa ya kawo mana ruwan rijiya a kan dala ashirin, wato sefa ɗari, aka cika a hankali, aka tayar da inji marfi a buɗe, dattijon ya tsura wa bakin lagireto ido ko zai ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ya kuma zagaya baya ya duba ko salansa na fitar da farin hayaƙi. Da bai ga ko ɗaya ba ya ce, "Kun auna arziki, gaskit ɗin kan inji bai ƙone ba. Da yaron nan ya ƙara kilomita biyar allura na cikin ja, da a nan za ku kwana." Ya ba mu shawara mu kashe na'urar sanyi, mu tafi a hankali, mu kuma kunna hita mu buɗe tagogi, domin hita ƙaramin lagireto ne da ke cikin mota, yana taimakawa wajen janye zafin inji. Da aka duba sai aka tarar an daɗe da toshe tiyon hitar. Kawu ya miƙa masa kuɗi, ya ƙi karɓa, ya ce addu'a ta ishe shi.

Sauran hanyar muna tafe muna tsayawa muka yi ta, ta Agiye da Cadawa, inda buhunan aya ke jibge a bakin titi, kuma ba mu shiga Maraɗi ba sai dab da magariba. Mai masaukinmu yana unguwar Zariya. Aka kawo mana shinkafa da miya da naman kaji, da kwaɗon zogale, aka yi mana shimfiɗa a tsakar gida da gidan sauro, domin ɗaki ba ya kwantuwa a wannan wata. Abin da mutumin Damagaram ke fara lura da shi a Maraɗi shi ne ruwa. Mu mun tashi a gari da ke zaune a kan dutse, inda ƙarancin ruwa tsohon labari ne, kuma kowane gida ya san darajar jarka. A nan kuwa, albarkacin kwarin Gulbin Maraɗi, na ga an buɗe famfo da daddare an cika randuna ba tare da wani ya tsaya lissafi ba. Da Kawu ya ba da labarin abin da ya same mu, mai gidan ya ce kada mu kai motar wurin bakaniken inji, akwai wani tsoho da ba ya aikin komai sai lagireto, shi zai sa ɗansa ya raka mu da safe.

Rumfar tsohon ta kwano ce, a wani lungu da ke bayan masu sayar da kayan gyaran mota. An rataye lagiretoci a jikin bango, na jan ƙarfe na tsoffin manyan motoci a gefe guda, na alminiyam masu kan roba a ɗaya gefen. A ƙasa akwai rabin duro cike da ruwa, da murhun gawayi da ake gasa ƙarfen liƙi, da sandunan dalma, da wasu siraran ƙarafa masu faɗi da yake zurawa a cikin bututu. Bayan gaisuwa, tambayar farko da ya yi wa direba ita ce, "Kwana nawa take yi kafin ka ƙara mata ruwa?" Direba ya ce kullum yake ƙarawa. Tsohon ya juya ga Kawu ya ce, "Alhaji, lafiyayyar mota ba ta shan ruwa. Ruwan zagayawa yake yi ya dawo inda ya fito. In kun ga ana ƙara mata kowace safiya, to akwai inda yake fita, kuma duk ruwan da aka ƙara yana shigowa da nasa ciwon."

Yaransa suka kwance lagireton suka fito da shi. Abu na farko da muka gani yana tsakaninsa da ragar na'urar sanyi da ke gabansa, wurin da ido ba ya kai wa sai an kwance. Ƙaiƙayi da ƙarangiya da fukafukan fara da guntayen leda sun haɗu da ƙura sun dunƙule, kaurinsu ya kai na ɗan yatsa, sun rufe kusan rabin fuskar lagireton ta ƙasa. Tsohon ya ɓamɓaro dunƙulen da hannu ya miƙa wa Kawu. Daga cikin ƙarfin man da inji ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin uku ne ko ƙasa da haka ke zama tafiya. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuwa zafi ne da dole ruwa ya kwaso daga jikin inji ya kawo lagireto, iska ta ratsa ta ɗauke shi. Idan iskar kanta ta haura digiri 40, ga na'urar sanyi tana ƙara mata nata zafin kafin ta iso, ga kuma rabin hanyarta a toshe, babu mamaki allura ta shiga ja.

Sa'an nan ya ɗauki filaya ya bi haƙoran alminiyam da suka damƙe kan roba na sama, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, har kan ya fita. Ya ce, "Malam, matso, gani ya kori ji." Bakunan bututun a jere suke, sirara ƙwarai, kuma da yawansu sun cike da wani farin abu mai tauri gauraye da jan laka, irin dattin da ke kama gindin butar shayi idan ta daɗe ana dafa ruwan rijiya a cikinta. Ya tsayar da lagireton ya zuba ruwa ta sama, muka ga yana sauka ta gefe da gefe, tsakiya kuwa ko ɗigo. Bayanin da ya yi ya dace da abin da na sani. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da narkakken farar ƙasa da gishiri iri-iri waɗanda ba sa cutar da mai sha, amma idan ruwan ya yi zafi sukan rabu da shi su manne a jikin ƙarfe. Ruwan da ya tsere ya tafi, abin da ya ɗauko ya zauna, gobe a ƙara sabo ya kawo nasa. Ga shi kuma ruwa zalla yana cin ƙarfen inji ya haifar da tsatsa, tsatsar ta bi ruwa ta zo ta ƙarasa toshe abin da ya rage.

Inda ruwan ke fita wuri biyu ne. Robar marfin ta bushe ta tsattsage, ba ta riƙe matsi, don haka ruwan yana tafasa da wuri ya fice ta ƙaramin tiyo. Akwai kuma wani siririn tsagu a wuyan kan roba, wanda ba ya ɗiga sai inji ya yi zafi, ya bar wani farin sawu da ya gangara. Direba ya ambaci cewa wasu na fasa ɗanyen ƙwai ko su zuba garin taba a lagireto don toshe irin wannan yoyo. Tsohon ya ce ya sha fitar da su daga cikin bututu, kuma abin da ya iya toshe huda zai iya toshe hanyar ruwa.

Gardama ta tashi ne da aka kwance mazaunin tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, aka tarar babu komai a ciki, aka kuma ga an haɗa wayar fanka kai tsaye, tana juyawa tun daga lokacin da aka murɗa makulli. Direba ya kare wannan aiki da zuciya ɗaya. Ya ce, "Baba, ai wannan abu na ƙasashen sanyi ne. Duk motar da ta shigo, shi ake fara cirewa." Abin da ake faɗa ke nan a garejin Damagaram, kuma na tabbata ana faɗarsa a Maraɗi ma. Tsohon bai yi musu da baki ba. Ya aiki yaro ya karɓo sabon tamostat, ya nuna mana lamba 82 da aka buga a jikinsa, ya ɗaura masa zare, ya jefa shi a gwangwanin ruwa a kan murhu. Muna tsaye muna kallo, tun kafin ruwan ya tafasa, bakin abin ya fara buɗewa da kansa, ya ci gaba har ya wangame. Da aka tsamo shi ya sha iska, ya koma ya rufe. Wani irin kaki ne a cikinsa da ke kumbura idan ya ji zafi. Tsohon ya ce, "To ka gani, a zafin garinmu a buɗe zai wuni. Me ya tare maka?"

A wannan magana ina bayan tsohon ba tare da wata tantama ba. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma aikin tamostat shi ne ya kai shi wannan zafi da wuri ya riƙe shi a nan. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu, ya riƙa shan mai fiye da kima, sassansa kuma su riƙa cin juna. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a injuna da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda idan ya buɗe hanyar lagireto yake rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. Idan babu shi wannan hanya a buɗe take har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai taɓa ganin lagireto ba. Ban ce masu cirewa ba su da hujja ko kaɗan ba. Tamostat yakan maƙale a rufe idan ya tsufa ko idan jabu ne, kuma wanda haka ta same shi a daji, cirewa ce za ta kai shi gari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da dabarar fita daga daji ta zama gyaran dindindin, a ɓoye ainihin ciwon, wato toshewar lagireto, har sai ranar da zai bayyana a kan hanya da tsoho a cikin mota.

Kawu ya tambaya ko za a iya wanke lagireton a mayar. Tsohon ya ce da na jan ƙarfe ne da ya zura masa ƙarfe bututu bayan bututu ya liƙe da dalma, ya ƙara shekaru yana aiki, kuma ko wannan ma zai iya wankewa a kan jika bakwai. Amma ya ƙwanƙwasa kan robar da farce ya nuna mana yadda launinsa ya koɗe daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, ya ce robar ta gama ƙonewa, in an liƙe nan gobe can zai buɗe. Ya ba da shawarar a sayi sabo, ko da yake hakan ya rage masa kuɗin aiki. Wannan ya ƙara masa girma a idon Kawu.

Ranar Juma'a ranar kasuwa ce a Maraɗi, kamar Litinin, don haka da ƙyar muka kutsa tsakanin amalanke da 'yan kabu-kabu zuwa shagunan kayan mota. Yawancin kayan ta Kano da Katsina suke shigowa, kuma mai shago yana iya gaya maka farashi da sefa ko da naira, wanda ka ga dama. A nan Maraɗi ta fi Damagaram nesa ba kusa ba, domin abin da a gida sai an yi sautu a jira, a nan shago uku a jere kowanne yana da shi. Muka sayi lagireto a kan jika talatin da takwas bayan dogon ciniki, tamostat jika shida, marfi mai lamba 0.9 daidai da na asali jika biyu da rabi, da tiyo biyu da zobban ɗaure su.

Wurin sayen ruwan sanyaya inji muka fi daɗewa. Galan-galan ne a jere, kore da ja da shuɗi, wasu da arha mai ban tsoro. Yaron tsohon da ya raka mu ya ce maigidansa ba ya yarda da launi, domin launi rini ne kawai, kuma akwai na kasuwa da ba komai ba ne sai ruwa da rini. Na karanta takardun jikinsu na zaɓi wanda bakinsa ke liƙe, an kuma rubuta cewa yana ɗauke da sinadarin gilaikol. Akwai wanda aka riga aka haɗa, ana zuba shi yadda yake. Akwai mai kauri da ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin batir ba. Mutanenmu suna cewa wannan ruwa na hana daskarewa ne, mu kuwa ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma amfaninsa a wurinmu shi ne magungunan da ke cikinsa masu hana tsatsa da cin alminiyam, da kuma ɗaga matakin tafasa, domin haɗin rabi da rabi ba ya tafasa sai wajen digiri 107 ko da babu matsi, da marfi mai kyau kuma ya haura 120. Injin irin motar Kawu yana ɗaukar tsakanin lita 5 da 6, muka biya jika goma sha biyu.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a aka ci gaba da aiki. Ba a ɗaura sabon lagireto ba sai da aka yi ta ɗura ruwa a cikin inji yana fitowa ja, har ya koma fari. Aka mayar da tiyon hita, aka sa tamostat, aka mayar da wayar fanka kan na'urarta mai jin zafi. Wajen cikawa tsohon da kansa ya karɓa. Yana zubawa kaɗan-kaɗan yana matsa tiyo, inji na aiki, hita a buɗe, har kumfar iska ta daina fitowa, domin iskar da ta maƙale a ciki tana hana ruwa zagayawa, ta sa sabon gyara ya yi zafi kamar ba a yi ba. Muka jira har tiyon da ke sanyi ya ɗauki zafi, alamar tamostat ya buɗe, can kuma fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. Direba ya yi murmushi, ya ce tunda yake da motar bai taɓa jin fankar ta yi shiru ba. Ɗan abin da ya zube a ƙasa tsohon ya sa aka rufe da yashi aka kwashe, ragowar galan ɗin kuma ya ce a ajiye inda yaro ba zai kai ba, domin ruwan yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne mai kashe ƙoda. Akwai jajayen awaki na yawo a lungun, ya ce ba ya son alhakinsu. Kuɗin aikinsa jika takwas ne. Gaba ɗaya Kawu ya kashe kusan jika saba'in, kuma tsohon ya ce da kan inji ya lanƙwashe da an ninka wannan sau da yawa.

An ɗaura aure ranar Asabar da safe, aka yi walima, muka gaisa da dangi da abokan arziki. Ranar Lahadi muka juyo, kuma Kawu da kansa ya ce a bari sai rana ta take, yana son ya ga gaskiyar gyaran. Muka kunna na'urar sanyi tun daga Maraɗi. Allura ta hau ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan, ba ta ƙara motsi ba, ko a shingen jandarma na Tasawa inda muka daɗe a layi inji na aiki. A wannan dawowa idona ya buɗe ga abin da a da nake wucewa ban kula ba. Tsakanin Agiye da Maijirgi mun wuce motocin haya da dama a gefen hanya, bonet a ɗage, fasinjoji a rakuɓe a inuwa, yaron mota na fasa ledojin ruwan sha yana ɗurawa a lagireto. A wuri guda Kawu ya sa aka tsaya, direbanmu ya sauka ya ba su ruwan jarkarmu, na kuma ji shi yana gaya wa yaron motar ya dakata tiyo ya yi laushi kafin ya taɓa marfi.

Jarka ba za ta bar but ɗin motar ba, domin mai bin hanyoyinmu ba ya rabuwa da ruwa, ko don kansa ko don wani. Abin da ya sauya shi ne duban safiya. Tsohon ya koya wa direba ya bar marfin lagireto a rufe, ya dubi ƙaramin tankin roba da ke gefe tun inji na da sanyi, ya ga ruwan yana tsakanin layin sama da na ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo, sa'an nan bayan kowace kaka a hura ragar gaba daga baya a fitar da ƙaiƙayi. Irin ruwan da muka saya ana sauya shi bayan shekara biyu ko kilomita 40,000, kuma ya rubuta watan da lambar kilomita da fenti a cikin bonet don kada a dogara da tuni. Ya kuma nuna mana wata 'yar huda a ƙarƙashin famfon da ke zagaya da ruwa a cikin inji, ya ce ranar da aka ga danshi a wurin, famfon ya fara sallama, a sauya shi kafin a yi doguwar tafiya.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Washegari da safe na biya gidan Kawu kafin in wuce makaranta, muka duba tankin tare da direba, ruwan ya sauka kaɗan ƙwarai saboda ragowar iskar da ta fita, aka cika daga galan ɗin da muka zo da shi. Fanbel ne kaɗai tsohon ya ce ya fara tsattsagewa ta ciki amma zai kai mu gida, kuma a ranar direba ya kai motar gareji aka sauya shi a kan jika uku.